Ƙaddara da Halin Kirki a Wajen Girkawan Dā

Girkawan dā sun yarda cewa ƙaddara ba ta tsallakuwa. A tatsuniyoyin addininsu, mata uku ne ke riƙe da ran kowane mutum: Kuloto tana kaɗa zare, Lakesis tana auna tsawonsa, Aturofos kuma ta yanke. Abin da ya hana masanansu barci shi ne sanin abin da ya rage a hannun mutum bayan an gama awon.

Herodotus, marubucin tarihi na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kawo labarin Kurisus, sarkin Lidiya da ke yammacin Turkiyya ta yau. Sarkin ya sa aka zagaya da baƙonsa Solon, dattijon Atina, taska-taska, sannan ya tambaye shi wa ya fi kowa dacewa a duniya, yana jiran a ce shi ne. Solon ya ambaci wani Talus, mutumin Atina mai rufin asiri, wanda ya ga jikokinsa, ya mutu a fagen daga yana kare garinsu. Hujjarsa ita ce ba a yanke wa mutum hukuncin dacewa sai an ga ƙarshensa. Wajen shekarar 546 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sairus na Farisa ya ci Lidiya da yaƙi, ya kama Kurisus. Masana suna shakkar ko mutanen biyu sun taɓa haɗuwa, domin zamaninsu bai yi daidai sosai ba, amma labarin ya nuna yadda Girkawa ke kallon juyin duniya.

Aristotal (384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa) ya karkata ga abin da mutum zai iya yi da kansa. A ganinsa ba a haifar mutum da halin kirki, da sabo ake samunsa, kamar yadda magini ke ƙwarewa da yawan gini. Kowane hali nagari kuma yana tsakanin wuce gona da iri da gazawa: jarumta tana tsakanin ganganci da ragwanci, kyauta tana tsakanin almubazzaranci da rowa. Duk da haka bai yaudari kowa ba. Ya ce kyakkyawar rayuwa tana bukatar lafiya da abokai da ɗan abin hannu, ya kafa misali da Firiyam, sarkin Turoi, wanda ya rasa 'ya'yansa da birninsa bayan ya tsufa.

Nan ne almajiran Zeno suka saɓa masa. Zeno ya fara karantarwa wajen shekarar 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a wata rumfa da ke kasuwar Atina, ya koyar da cewa halin kirki kaɗai ya wadatar. Da aka ƙalubalance su cewa in an ƙaddara wa majinyaci warkewa ai kiran likita ɓata lokaci ne, sai Kirisifus, ɗaya daga cikin mabiyan Zeno, ya amsa cewa kiran likitan ma yana cikin abin da aka ƙaddara.

Wanda ya fi fito da wannan ra'ayi fili shi ne Efiktitus, da aka haifa wajen shekarar 50 miladiyya, ya yi bauta a Rum, ga shi gurgu. Ya raba al'amura gida biyu. Ra'ayin mutum da niyyarsa da sha'awarsa suna hannunsa, jiki da dukiya da suna da muƙami kuwa ba sa hannunsa, don haka ɗora kwanciyar hankali a kansu asara ce. Wannan koyarwa tana da tsauri, kuma Aristotal ya fi ta tausaya wa mai jin yunwa, sai dai da wuya a ce wanda ya ɗanɗani bauta bai san wahala ba. Bayan Sarki Domishiyan ya kori masana falsafa daga Rum, Efiktitus ya buɗe makaranta a Nikofolis, inda ɗalibinsa Ariyan ya rubuta darussansa.