Ƙodar Da Ba Ta Riƙe Gishiri

Yau zancenmu a kan ƙoda ne.

Ku sani ƙodojin babban mutum suna tace ruwa wajen lita 180 daga cikin jini kowace rana. Amma abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya da rabi ba, gama ƙoda tana mai da sauran ruwan da gishirinsa cikin jini.

A bakin kowace matata ta ƙoda akwai waɗansu 'yan ƙwayoyin halitta, aikinsu kamar na mai gadi. In gishiri ya ragu a jiki, sai su saki wani sinadari da a ke kira renin, shi ne ke sa jiki ya riƙe gishiri.

To, akwai yaran da a ke haifa ƙodarsu tana zubar da gishiri. Masu gadin nan ba su hutawa, har su yawaita su yi girma. Wani likitan Amurka, Frederic Bartter, shi da abokan aikinsa suka bayyana haka a 1962. Garin ƙoƙarin riƙe gishirin ci, sai jiki ya riƙa zubar da wani gishirin dabam, watau fotasiyam, wanda tsoka da zuciya ke aiki da shi.

Ga alamun: yawan fitsari, ƙishirwa ba dare ba rana, kwaɗayin gishiri, kasala, ɗaurewar jijiya, yaro ya ƙi girma. Sau da yawa cikinsa ya zo da ruwa da yawa, aka haife shi bakwaini.

Ciwon nan bai yawaita ba, kuma ba a ɗaukarsa. Gado ne, galibi daga uwa da uba duka, shi ya sa ya fi ɓullowa a auren zumunci. Ciwon sukari ma yana kawo fitsari da ƙishirwa. Awon jini da na fitsari ne ke rarrabe su.

Saboda haka, mutanen Gaya da Ajingi, in kun ga alamun nan ku nuna yaro ga malamin asibiti, ya tura ku babban asibitin Gaya, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kada ku ɗura masa kanwa. Kada ku sayi ƙwayar sa fitsari a kasuwa, gama ita ma zubar da gishiri ta ke yi. Lokacin bazara ku yawaita ba shi ruwa. In zawo ko amai ya kama shi, a kai shi ran nan, kada a kwana.

Ciwon ba ya warkewa, amma da magani kullum yaro zai girma ya yi makaranta. Allah ya ba mu lafiya, amin.