Lambu a Buhu da Akwati: Gaskiya da Ƙarya Cikin Abin da Ake Faɗa a Lafani

Tun da aka rufe iyakar Illela da Ƙonni a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, kuɗin cefane ya koya wa magidanta lissafi. An buɗe iyakar a Maris ɗin 2024, amma a shekarar ne tumatir da attarugu suka yi tsadar da har yau ake labarinta. Sai ga bidiyoyi sun cika wayoyi, ana nuna yadda ake shuka kayan miya a buhu, ko akwatin katako, ko zagayen bulo da aka cika da ƙasa ya ɗago sama da tsakar gida. Mutane da dama a nan Lafani sun gwada. Wasu sun ci, wasu sun yi asarar iri da ruwa, kuma kowa ya fito da nasa bayanin. Bari mu tankaɗe bayanan ɗaya bayan ɗaya.

"Shuka a buhu ko akwati ta fi tattalin ruwa." Rabin gaskiya.

Ruwan da ka zuba yana zuwa gindin shuka kai tsaye, wannan haka yake. Sai dai ƙasar da aka ɗaga sama, rana da iska suna dukan ta ta kowane gefe. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a nan, buhun da aka jiƙa da asuba yana iya bushewa kafin la'asar. Ba banza ba masu lambu a fadamar Kalmalo, da manoman albasa na Galmi a Nijar, suke yin fangali nutsattse mai kunya a kewaye, ruwa ya kwanta ya shiga a hankali. Ɗaga ƙasa dabara ce da ta fi karɓar wuraren da ruwa da sanyi suka yi yawa, irin su Ingila.

To ina amfaninta gare mu? Tana da rana a gidan da tsakarsa siminti ne ko fako, da inda ruwan damina ke kwanciya, da gidan da kaji suke tonon duk abin da ya tsiro, da kuma wajen dattijon da sunkuyo ke wahalar da shi. Wanda zai yi, ya rufe saman ƙasar da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa, ya jera buhunan su yi wa juna inuwa, ya kafa zana ta yamma. Kafin ban ruwa ya tura yatsa cikin ƙasar: in da laima a gaɓa ta biyu, ya dakata.

"Sai an sayi ƙasa ta musamman." Ƙarya.

Kashi biyu na ƙasar gona da kashi ɗaya na taki ruɓaɓɓe sun isa. In yashi ya yi yawa, a ƙara 'yar lakar fadama. Gwajin a tafin hannu yake: ka jiƙa kaɗan ka dunƙula. In ta cure, kuma da ka taɓa ta da yatsa ta warware, ta yi. In ta zube kamar gari, ba za ta riƙe ruwa ba. In ta daskare kamar tubali, saiwa ba za ta yi numfashi ba. Garin da ke da kasuwar dabbobi irin ta Illela ba ya rasa taki.

"Ɗanyen taki ya fi ƙarfi." Ƙarya mai kashe shuka.

Wannan ni ta ci. Na kwashe kashin kaji daga akurki, na gauraya da ƙasa, na dasa tumatir shida da yamma. Kwana uku gefen ganyen ya ƙone kamar an kara masa wuta, kafin mako sun kwanta duka. Ɗanyen taki yana da gishiri da zafi, yana ɗauke da irin ciyawa, yana kuma iya ɗauke da ƙwayoyin cuta zuwa ga latas da ake ci ɗanye. A tara shi, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, har ya yi baƙi, wari ya tafi, ya daina ɗumi a hannu. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku.

"A zuba tsakuwa a ƙasan mazubi don ruwa ya wuce." Ƙarya.

Abin da ke fitar da ruwa huda ne. Daron da ba a huda ba, ko an cika rabinsa da tsakuwa, saiwa ruɓewa za ta yi. Tsakuwar ma cinye wurin ƙasa take yi, alhali alayyahu da latas suna son zurfin taƙi guda, tumatir da tattasai kuwa santimita 30 zuwa 40.

"Irin leda da na gwangwani duk an jirkita masa halitta, yana hana haihuwa." Ƙarya.

An haɗa abu biyu ne a nan. Amfanin gona da aka canza wa ƙwayar halitta, wanda hukuma ta sakar wa manoma a Najeriya, sanannu ne: auduga a 2018, waken SAMPEA 20-T a 2019, da masarar TELA a 2024, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ce ta yi aikin waken da masarar. Tumatir da albasa da latas da karas ba sa cikinsu. Irin da aka rubuta wa F1 a jiki aure ne aka yi tsakanin nau'i biyu na shuka ɗaya ta hanyar furensu, kuma babu wata hujjar likita da ta danganta cin sa da rashin haihuwa. Inda masu jita-jitar suka taɓa gaskiya shi ne, in ka ajiye 'ya'yansa ka sake shukawa baɗi, ba za su fito bai ɗaya kamar uwarsu ba. Garin mai launi da ake shafa wa wasu iri kuwa maganin ƙwari ne da ruɓa, don haka a ɓoye shi daga yara, a wanke hannu bayan shuka.

"Tunda a gida ne, kowane lokaci ana iya shuka komai." Ƙarya.

Buhu ba ya canza yanayi. Latas, kabeji, karas, albasa da tumatir 'yan hunturu ne, daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. Idan zafi ya haura digiri 35, furen tumatir zubewa yake yi. Sai ka ga ganye shar, ba ɗa ko ɗaya, ka zargi mai sayar da iri. A bazara da damina, alayyahu, rama, yakuwa, lalo da kuɓewa su ne masu jurewa.

"Kowane mazubi ya yi." Ba haka ba ne.

Garin iyaka ba ya rasa tsohuwar jarka, amma wadda ta taɓa ɗaukar fetur, baƙin mai ko maganin feshi, a bar ta. Akwatin katako kuma gara na jiran sa, sai a ɗora shi kan bulo. Buhun shinkafa ko na masara shi ne mafi araha, kodayake rana tana cinye shi cikin 'yan watanni. Ruwan wanki mai omo ma a guje shi: gishirinsa taruwa yake yi a ƙasar da ba ta da yawa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa babu laifi.

"Dogonyaro yana korar ƙwari." Gaskiya, da iyaka.

'Ya'yansa da aka daka, aka jiƙa suka kwana, aka tace, suna hana ƙananan ƙwari cin ganye idan ana fesawa da yamma duk mako. Rigakafi ne. Idan tsutsar sharon, wadda ta lalata gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, ta riga ta shige cikin ganye, a tsinke ganyen a ƙone.

Mai farawa kada ya tara buhu ashirin. Ya ɗauki biyu, ɗaya alayyahu ɗaya yakuwa, ya ajiye su inda suke samun hantsi, kusa da randa don kada ban ruwa ya zama aiki. Cikin mako huɗu zuwa biyar alayyahu zai shiga tukunya. In ganye ya yi rawaya, kafin a buɗe waya a tambayi maƙwabcin da ke da fangali a fadama, domin da tsohuwar zuma ake magani. Buhunan nan biyu in suka ga ƙarshen bazara da ransu, to hannu ya faɗa, sai a sayi irin tumatir a jira hunturu.