Daga Yamai zuwa Gidigir: ina kuɗin misiyo ke tafiya?

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar bakin gudron a Gidigir ya san su. Motoci ne kat-kat, farare, gilashi a rufe, biyu ko uku a jere, sun ɓullo daga wajen Damagaram sun nufi Gure ko Difa. Wani lokaci sukan tsaya a sayi dabino ko rake, wani lokaci ƙura kawai suke bari. Mutanen gari sukan ce ƴan misiyo ne.

Misiyo, ga wanda bai taɓa aikin gwamnati ba, ita ce tafiyar da hukuma ke aiken ma'aikaci. A ba shi takarda mai sa hannun shugabansa, a buga mata hatimi ranar da ya isa da ranar da ya taso, sannan a biya shi kuɗin kwana. Babu laifi cikin wannan, domin ƙasa mai faɗin Nijar ba ta mulkuwa daga cikin biro. Abin tambaya shi ne: tafiyar wa ake biya, tafiyar wa kuma ake sokewa idan aljihun gwamnati ya yi sanyi?

Bari mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa. Daga Yamai zuwa Damagaram kilomita 890 ne ko kusa da haka, daga nan zuwa Gidigir kamar 100. A ce 1.000, zuwa da dawowa 2.000. Babbar kat-kat mai sanyaya ciki, idan muka ƙaddara tana shan lita 15 a kowane kilomita 100, za ta sha lita 300. A farashin da gwamnati ta tsayar a watan Yuli na 2024, wato sefa 618 litar gazuwal, an tashi jika 185 da ɗoriya. Mota guda ke nan, kuma mai kawai. Ba a sa kuɗin kwanan jami'ai da na direba ba, ga shi tafiyar ba ta kasa kwana huɗu, balle taya da gyara.

To, mu dubi ɗaya gefen. Tsakanin Gure da Gidigir kamar kilomita 60 ne. Sufeton lakwal ko malamin dabbobi, idan ya hau babur, lita 5 ta isansi ta kai shi ta maido shi, har ya leƙa ƙauye ɗaya ko biyu. A sefa 499 lita, jika 2 da rabi ke nan. Ashe man da mota guda ta sha daga Yamai zai kai wannan bawan Allah Gidigir fiye da sau 70. Amma shi ne aka fi ce wa babu mai.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 ba su manta ba. Bayan taron ƙasa na 1991 baitulmali ya kasance wayam, a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan gyaran mota da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, albashi kuma ya riƙa yin watanni bai fito ba. Duk lokacin da aka ce a tsuke bakin aljihu, wuƙar takan fara ta ƙasa. Motar likita ta kwanta bisa duwatsu, mushen lakwal na ƙauye ya shekara bai ga mai duba aikinsa ba, su kuwa manyan tawagogi ba su fasa hanya ba. Ɗan kasuwar da ya ba ma'aikata mai bashi a kan takarda shi ma ya san ɗacin abin, don sau da yawa sai takalminsa ya ƙare kafin kuɗinsa su fito.

Akwai kuma wata ƙofa da kuɗi ke zurarewa, ita ce ta tarurrukan ƙara wa juna sani. Kowa a Yamai ya san dabarar: taron da za a iya yi cikin ɗakin ma'aikata sai a kai shi Kollo ko Doso, saboda da an fita gari kuɗin kwana sun halatta. Masu binciken cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, sun daɗe suna nuna yadda wannan al'ada ke janye ma'aikata daga bakin aikinsu, musamman a fannin lafiya. Ni dai ba zan ɗora wa ƙaramin ma'aikaci laifin duka ba. Mutumin da albashinsa ke ƙarewa kafin 20 ga wata, idan aka nuna masa taron kwana uku mai ambulan a ƙarshe, ba waliyyi ba ne da zai ƙi. Masu ba da agaji na waje, waɗanda kowane da nasa farashin kuɗin kwana, su ma suna da hannu dumu-dumu.

Ina mafita? Ɗan kasuwar Gidigir ba ya ɗaukar shatar mota shi kaɗai don buhu goma na kanwa, jira yake a haɗa kaya. Me zai hana ma'aikatun ilimi, lafiya da kiwo su haɗa tawaga guda cikin mota guda, maimakon kowace ta turo tata a mako ɗaya? Jami'in da rahoto kawai zai karɓo a Damagaram, ga bas-bas na kamfanoni irin su Rimbo suna tashi kullum. A 2020, lokacin annobar korona, an yi tarurruka da yawa ta bidiyo, kuma ƙasa ba ta tsaya ba. Gaskiya ne wuta da intanet ba su da tabbas a karkara, amma tsakanin Yamai da babban birnin jiha wannan hujja ba ta da ƙarfi.

Sai dai ba kowane aiki ake yi ta talho ba. Rigakafin dabbobi, auna rairayin da ke cinye kwaruruka, sasanta manomi da makiyayi, duk sai an taka ƙasa. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ake cewa an kusanto da mulki ga talaka, kuma tun 2011 matatar SORAZ ke tace mai a cikin jihar Damagaram kanta. Abin da ya rage shi ne kuɗin su bi aikin. A ware wa Gure kasonta na mai tun farkon shekara, a sa shi hannun masu fita daji, a tambaye su lissafi kowane wata uku: ƙauye nawa aka je, ranar yaushe, wa ya sa hannu. Idan har tawagar Yamai ta zama dole, to ta zo da mota guda, ta ɗauki sufeton Gure a kujerar baya.