Cinikin likitoci da kamfanonin inshora a Amurka

A ƙasar Amurka, likitoci sukan haɗa kai su buɗe gidan magani guda. Galibin masu zuwa wurinsu ba su biyan dukan kuɗin magani daga aljihunsu. Kamfanin inshora ne ke biyan kaso mafi yawa, wato kamfanin da ake zuba wa kuɗi kowane wata tun mutum yana da lafiya. Don haka dole likitoci su zauna da kamfani, su yi ciniki, su sa hannu a takarda.

Manyan hanyoyin biya biyu ne. A ta farko, kowane aiki da kuɗinsa: awo, allura, tiyata. A ta biyu, kamfani yana ba likitoci kuɗi ƙayyadadde kowane wata bisa kowane mutum da aka rubuta musu, ko ya zo ko bai zo ba. Kamar makiyayin da muke biya bisa yawan bisashen da muka ba shi kiwo.

Wannan dabara ta daɗe. A shekarar 1933, likita Sidney Garfield ya buɗe ƙaramin asibiti a hamadar Kalifoniya domin masu ginin hanyar ruwa. Bashi ya yi masa yawa. Daga baya aka shirya a riƙa biyansa kimanin santi 5 a yini bisa kowane ma'aikaci. Sai ya mai da hankali ga rigakafin haɗari, tunda lafiyar ma'aikata ita ce ribarsa.

Amma akwai matsala. In kuɗin da aka yanke ya yi kaɗan, likitoci su faɗi, ko su rage kulawa. Shi ya sa suke bin takardar sannu-sannu kafin su sa hannu. Nawa za a biya? Cikin kwana nawa? Waɗanne cututtuka ne ke ciki? Wa zai ɗauki nauyin ciwo mai tsada? Yaya za a raba gari in an saɓa?

Mu ma mun san zafin jinkirin biya. A 2006 aka mai da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar, bisa alkawarin gwamnati za ta biya gidajen likita. Kuɗin ya yi ta makara, magani ya ƙare a wurare da dama.

Maras lafiya ba ya wurin ciniki, amma a kansa sakamakon yake faɗuwa. In mun kafa asusun lafiya a garinmu, mu tabbata an rubuta farashi da ranar biya, an karanta mana su a bainar jama'a.