Rufe Hanyar Jama'a da Sharuɗɗan Sabon Gini: Misali Daga Birnin Niyok

A cikin al'amuran tsarin birni ba safai a kan sami shawara mai nauyin ta rufe hanya ba. Gida in an rushe shi a kan sake gina wani a wurinsa, kasuwa in ta ci wuta a kan tayar da ita, amma titin da hukuma ta soke daga taswira ta ba wani ya yi gini a kai, da wuya ya sake komawa hannun jama'a. Sabo da haka hukumomin birane ba su kan saki hanya haka kawai ba, sai sun gindaya wa mai karɓa waɗansu sharuɗɗa game da abin da zai gina da yadda zai yi amfani da shi. Wannan takarda za ta duba yadda aka yi irin wannan musaya sau biyu a birnin Niyok na ƙasar Amurka, domin a ga abin da jama'a suka bayar, da abin da aka yi musu alkawari, da kuma wanda ya fi daɗewa a cikin biyun.

1. Mene ne haƙƙin hanya?

Haƙƙin hanya shi ne ikon da kowane mutum ke da shi na ya bi ta wani wuri ba tare da ya nemi iznin kowa ba, kamar dai yadda makiyayi ke bin burtali ta tsakiyar gonaki. A yawancin jihohin Amurka hukumar gari ba ta mallaki ƙasar da titi ke kai ba. Abin da ke hannunta shi ne haƙƙin wucewa kawai, wanda ta riƙe amana domin jama'a, ƙasar kuwa ta masu gidajen gefe ce, kowa har zuwa tsakiyar titi. In an soke hanyar, sai ƙasar ta koma musu. A tsibirin Manhatan, wanda shi ne zuciyar Niyok, al'amarin ya bambanta, gama yawancin tituna birni ne ya mallake su ɗungum bisa amana. Saboda haka in ya soke titi yana iya sayar da filin ko ya yi musaya da shi.

Titunan nan kuwa an tsara su tun 1811, sa'ad da aka shata manyan hanyoyi 12 daga kudu zuwa arewa, da ƙananan tituna 155 masu ratsa su. Wannan ya raba tsibirin gungu gungu, watau kowane rukunin gidaje tituna huɗu sun kewaye shi.

Titi ba wurin wucewa kaɗai ba ne. A ƙarƙashinsa bututun ruwa da na ƙazanta da wayoyin lantarki ke bi. Ta samansa haske da iska ke shiga gidaje. A 1882 babbar kotun jihar Niyok ta yanke hukunci a kan ƙarar da wani mai gida ya kai kamfanin jirgin ƙasa mai tafiya a kan gada bisa titi, ta tabbatar masa yana da haƙƙin haske da iska da mashiga daga titin da ke ƙofarsa, ba kuwa a tauye masa su sai da diyya. Ke nan mai son rufe hanya tilas ya sallami jama'a masu wucewa, da maƙwabta, da masu kayan da ke binne a ƙasa.

2. Dangantakar titi da tsawon gini

A 1915 aka gama wani dogon bene mai suna Equitable, wanda ya tashi sak daga bakin titi har ƙololuwarsa, ya jefa maƙwabtansa cikin inuwa. Shekara ta gaba, 1916, birni ya kafa dokar tsarin gini, wadda ita ce ta farko a Amurka da ta game birni duka. Dokar ta ɗaure tsawon bango da faɗin titin da ke gabansa. In bango ya kai iyakar da aka yanka, sai mai gini ya ja da baya kafin ya ƙara hawa, ko da yake an yarda ya tayar da hasumiya ba iyaka a kan kashi ɗaya cikin huɗu na filinsa.

A 1961 aka sake dokar, aka koma auna yawan daɓen bene duka da girman fili. Wanda kuma ya bar farfajiya a buɗe domin jama'a a kan ƙara masa. A nan ne mai karatu zai gane abin da ya sa masu gini ke kwaɗayin tituna. In an soke titi aka haɗa shi da filin mutum, filin ya ƙaru, abin da doka ta yarda ya gina ya ƙaru, bakin titin da dā zai tilasta masa ja da baya kuma ya ɓace.

3. Stuyvesant Town

A gabashin Manhatan akwai wata tsohuwar unguwa ta talakawa da a ke kira Unguwar Gidan Gas, sabo da manyan tankunan gas da ke wurin. A 1943 birni, ƙarƙashin Magajin Gari La Guardia, da ƙoƙarin Robert Moses, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin inshora na Metropolitan Life a kan gungu 18, daga Titi na 14 zuwa na 20. Sai da aka yi wa dokar jiha gyara a wannan shekara kafin abin ya yiwu.

Birni ya ba da abu uku. Ya yi amfani da ikonsa na karɓe fili bisa tilas da biyan diyya, ya tattaro wa kamfani ƙasar. Ya soke titunan da ke ciki ya miƙa su, ya karɓi ɗan fili a gefe domin faɗaɗa hanyoyin kewaye. Ya kuma yarda har shekara 25 kamfani zai biya haraji bisa ƙimar tsohuwar unguwa, ba bisa ƙimar sabon gini ba. Kamfani kuwa ya yarda ribarsa ba za ta wuce 6 cikin 100 ba, ba zai ƙara kuɗin haya ba sai da iznin hukuma, zai kuma yi gini a kan misalin kashi ɗaya cikin huɗu na filin kawai, sauran ya zama ciyawa da itatuwa da wurin wasan yara. Mutum wajen 11,000 aka tayar. A 1947 masu haya na farko suka tare, gidajen kuwa sun fi 8,700.

Ba shakka an sami gidaje masu tsabta da arha a lokacin da sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu ke neman wurin zama ido rufe. Amma yarjejeniyar ta yi shiru a kan abu guda, watau wa za a ba haya. Shugaban kamfani ya faɗa a fili tun 1943 cewa ba za a karɓi baƙar fata ba, hukuma kuwa ta amince da yarjejeniyar tana sane. Kamfani ya gina musu wata unguwa dabam a Harlem mai suna Riverton. Ba a kuma sa makaranta ko ɗakin karatu na jama'a a cikin Stuyvesant Town ba, hanyoyin ciki duk sun zama na kamfani.

A 1947 waɗansu tsofaffin sojoji uku baƙar fata suka kai ƙara, wadda aka sani da shari'ar Dorsey. Hujjarsu ita ce, wurin da aka gina da ikon hukuma, a kan titunan jama'a, da rangwamen haraji, ba a kira shi gidan mutum ɗaya. A 1949 babbar kotun jiha ta yanke hukunci, alƙalai huɗu suka rinjayi uku, cewa kamfani mai gida ne kamar kowane mai gida, yana da ikon ya zaɓi wanda ya so. Kotun Ƙoli ta Amurka ta ƙi sauraron ƙarar a 1950. Sai a 1951 majalisar birni ta kafa dokar da ta hana wariya a duk gidajen da hukuma ta taimaka aka gina. Ta haka mutumin da shekarun baya yana iya bin Titi na 17 ba mai tambayarsa, ya wayi gari ba shi da iznin zama a wurin, har sai da aka yi sabuwar doka.

Rangwamen haraji da iyakar riba sun ƙare a cikin shekarun 1970, gidajen suka koma ƙarƙashin dokar haya ta gama gari. A 2006 kamfani ya sayar da unguwar tare da maƙwabciyarta Peter Cooper Village a kan dala biliyan 5.4. Da aka sake sayar da su a 2015, sai da birni ya sake sa dukiyarsa kafin sababbin masu gida su yarda su bar gidaje 5,000 a kan haya mai sauƙi har shekara 20. Titunan da aka soke a 1943 kuwa ba su dawo ba.

4. Cibiyar Ciniki ta Duniya

Misali na biyu yana kudancin tsibirin. A 1962 jihohin Niyok da Niyu Jazi suka ba Hukumar Tashar Jiragen Ruwa, wadda suka yi tarayya a kanta, iznin gina Cibiyar Ciniki ta Duniya a kan fili mai eka 16. Wurin cike yake da ƙananan kantuna na masu sayar da rediyo da kayan gyaransa. Suka kai ƙara cewa ba domin amfanin jama'a za a karɓe musu wuri ba, amma a 1963 kotu ta ba hukuma gaskiya.

Da yake hukumar ta jihohi biyu ce, dokar tsarin gini ta birni ba ta hau kanta ba, ba ta kuma biyan harajin fili yadda sauran mutane ke biya. Makami guda ya rage a hannun birni, shi ne ikon soke tituna, gama ba yadda za a yi ginin sai an rufe sassan titunan Greenwich da Fulton da Dey da Cortlandt da waɗansu. Magajin Gari Lindsay ya riƙe wannan izni wata da watanni. A watan Agusta 1966 aka daidaita, hukuma ta yarda ta riƙa biyan kuɗi kowace shekara a madadin haraji, ƙasar da aka haƙo daga tushen gini kuma aka zuba ta a bakin kogin Hudson, aka sami sabon fili fiye da eka 20, wanda ya zama mafarin unguwar Battery Park City. A 1973 aka buɗe tagwayen benayen masu hawa 110, a tsakiyar farfajiya mai faɗi wadda ta ɗara titunan kewaye tudu.

Tun kafin wannan, a 1961, Jane Jacobs ta buga littafi inda ta yi gardama cewa ƙananan gungu da yawan mararraba su ne ke raya ciniki da zirga-zirga, babban gungu kuwa katanga ne tsakanin unguwanni. Masu tsarin lokacin ba su kula da ita ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 ya rushe cibiyar, sai aka tarar ra'ayin ya rinjaya. Bene mai lamba 7, wanda aka gina a 1987 ya tare titin Greenwich daga arewa, da aka sake gina shi a 2006 an rage faɗinsa domin titin ya wuce. Aka maido da Greenwich da Fulton ta cikin filin, ko da yake akwai shingen tsaro ga motoci, aka kuma keɓe wajen rabin filin domin wurin tunawa da mamata, wanda aka buɗe a 2011. Ba don ginin ya rushe gaba ɗaya ba, da ba wanda zai yi zancen maido da waɗannan tituna.

5. Yadda a ke yi yanzu

Bayan gyaran kundin birni na 1975 da waɗanda suka biyo baya, mai son a soke titi daga taswira yawanci sai ya bi matakai a jere. Majalisar unguwa tana da kwana 60 ta saurari jama'a ta ba da shawara, shugaban gunduma kwana 30, Hukumar Tsarin Birni kwana 60, sa'an nan majalisar birni kwana 50. Shawarar biyun farko ba ta ɗaure kowa, amma tana tilasta a yi maganar a fili. A kan kuma rubuta a cikin yarjejeniya cewa masu bututu da wayoyi suna da ikon shiga su yi gyara, motar kashe gobara kuma ta sami hanya.

Abin da misalan nan biyu suka nuna shi ne ɓangarorin musayar ba su da tsawon rai ɗaya. Sharuɗɗan gini da na haya a kan yanka musu wa'adi, shekara 20 ko 25, su ƙare, fili ya sake hannu, sabon mai shi ya riƙe ƙasar ba tare da alkawarin ba. Abin da ba a rubuta ba kuwa, kamar zancen wa za a ba haya a 1943, kotu ba ta ƙirƙira shi daga baya. Sabo da haka hukumar da aka kawo wa roƙon rufe hanya ya kamata ta tambayi abu uku tun izni yana hannunta: ko jama'a za su ci gaba da wucewa ta wurin bisa haƙƙi, ba bisa alfarmar mai fili ba, ko sharuɗɗan sun bi ƙasar duk inda aka sayar da ita, ko kuma an rubuta cewa filin zai koma hannun birni in an saɓa alkawari. Lindsay ya sami abin da ya samu a 1966 ne domin bai riga ya sa hannu ba. Hukumar 1943 kuwa ta sa hannu tukuna, sai da aka shekara takwas kafin a gyara abin da ta bari.