Yadda Za a Shafa wa Kifin Itace Fenti da Hunturu Ba Tare da Haɗari Ba

Giwan ruwa da tsage kifaye ne masu farauta. Abincinsu ƙananan kifaye ne kamar kawara. Saboda haka ana iya yaudararsu da ɗan kifin da aka sassaƙa da itace, aka rataya masa ƙugiya, ana jansa cikin ruwa. Wani masunci na ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya yi suna da wannan dabara. A 1936 ya sassaƙa nasa na fari da ɓawon itacen nan marar nauyi da ake toshe kwalba da shi. Har wa yau ana sayar da irinsu da sunansa, amma da tsada. Duk wanda ya iya sassaƙa ƙota ko muciya zai iya yin nasa da itace marar nauyi kamar rimi, ya gwada a Kainji, ko Binuwai, ko Tafkin Chadi.

Sassaƙar ba ta da wuya. Wurin shafin fari ne mutane ke yin ɓarna, musamman da sanyi, har wani lokaci abin ya kai ga hasarar ɗaki ko ta rai.

Amfanin shafin fari

Itace yana shan ruwa, tun ba ta bakinsa biyu ba, inda aka yanke shi. In ya sha sai ya kumbura, fenti ya tsage, kifin ya yi nauyi, ya daina rawar da ke jawo giwan ruwa. Shafin fari, wanda masu fenti ke kira firaima, shi ne ke toshe ƙofofin itacen, ya kuma ba fentin ado abin kamawa. Firaima mai mai ake so. Fentin bango da ake sirkawa da ruwa ba ya jure zama cikin kogi.

Abin da sanyi ke yi wa fenti

Fenti mai mai yana bushewa hawa biyu. Da fari tina, watau ruwan da aka sirka shi da shi, ta tashi ta bi iska. Sa'an nan man da ya rage ya haɗu da iska, ya yi ƙarfi a hankali. Sanyi yana rage saurin duka biyun. Yawancin fenti ba ya bushewa sosai in ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 10, kuma a watan Disamba da Janairu daren Jos da na garuruwan arewa da dama yakan kai kusan haka. Ga shi fenti yakan yi kauri cikin gwangwani. In aka shafa shi da kauri, sama ta bushe, ciki ya zauna danƙo, ranar da aka jefa shi ruwa sai ya saɓule.

Hunturu yana da nasa alheri, domin busasshiyar iskarsa tana busar da itace sarai. Amma ƙurarsa tana manne wa ɗanyen fenti.

Babban haɗari: rufaffen ɗaki da kaskon wuta

Mutum ya ga fenti ya ƙi bushewa, sai ya shiga ɗaki, ya rufe ƙofa da taga, ya hura gawayi a kasko. Wannan ya tara haɗari uku wuri ɗaya.

Na ɗaya, gobara. Tururin tina da na fetur ya fi iska nauyi. Yana bin ƙasa ba a ganinsa, har ya isa kasko, ko fitilar ƙwai, ko guntun taba, wuta ta biyo shi zuwa gwangwani. Tururin fetur yana kama wuta kome tsananin sanyi. Kada a sirka fenti da fetur ko kaɗan.

Na biyu, shaƙar tururin kansa. Yana kawo ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci saboda ƙura ba ya tare shi.

Na uku, gawayi. In yana ci a ɗakin da iska ba ta shiga, yana fid da iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum ya ji kasala da barci, ya kwanta, ba ya farkawa. In wani ya soma jiri ko ruɗewa, a fitar da shi waje nan da nan, a kai shi asibiti.

Yadda ya kamata a yi

1. A bar itacen ya bushe a inuwa. Rana mai ƙarfi tana tsaga shi.
2. A huda ramukan waya, a sa zoben da za a ɗaura ƙugiya, a goge da sanfefa, a share garin. Ƙugiya sai an gama kome ake sa ta.
3. A yi aiki daga ƙarfe 11 na safe zuwa 3 na yamma, a rumfa ko zaure mai buɗe, inda iska ke ratsawa. Da sassafe a bakin ruwa akwai raɓa, fenti kuwa ba ya kama itace mai laima.
4. A ɗumama itacen da gwangwanin a hantsi kamar rabin sa'a. In fentin ya yi kauri ƙwarai, a sassauta murfin, a tsaya da gwangwanin cikin kwanon ruwan ɗumi, nesa da murhu. Kada a ɗora shi a kan wuta.
5. A sirka shafin fari da tina kaɗan domin ya shiga itacen. A kula da baki biyu da cikin ramuka. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri.
6. A rataya shi da waya cikin kwali, a rufe bakin da tsohon gidan sauro ko ƙyalle marar kauri, domin iska ta shiga, ƙura ta tsaya waje.
7. Da yamma a kai kwalin ɗakin ajiya inda ba kowa ke kwana, ba kuwa wuta.
8. Abin da ke bushewa kwana ɗaya da bazara yana iya cin kwana biyu ko uku da hunturu. A danna da farce. In ya bar alama, ko yana wari har yanzu, a dakata. Sannu ba ta hana zuwa.

A kiyaye yara

Waɗansu fenti, musamman jan fentin ƙarfe irin na dā, suna da dalma. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara. Dalmar da ke cikin fenti ita ce dai wannan gubar, kuma kaɗan daga cikinta yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. A nemi gwangwanin da aka rubuta ba dalma a cikinsa. Kifin itace yana kama da abin wasa, yaro kuwa bakinsa ne aljihunsa, don haka a rataya shi sama. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Kada a zuba tina ko kananzir a kwalbar lemo ko ta ruwa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin in ya shaƙe abin zai gangara huhunsa. A kai shi asibiti tare da kwalbar.

Tsumman da ya sha fenti mai mai, in aka dunƙule shi, yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a buɗe a waje, ko a tsoma shi cikin gwangwanin ruwa. Ragowar fenti kuma kada a zuba ta a kogi, wurin da muke neman abinci.

Wannan ka'ida ɗaya ce ko kifin itace ake shafawa, ko kwale-kwale, ko ƙofar ɗaki. A yi aiki da rana, a buɗe, nesa da wuta, a ba fenti kwanakinsa. Mai karatu, ka karanta wa maƙwabcinka masunci wannan tun sanyi bai kankama ba. Rigakafi ya fi magani.