Ga Kuɗi a Hannu, Babu Agogo a Kanti

A kasuwancin da muka gada, mai kaya ne ke lallashin mai kuɗi. Ka shiga Kantin Kwari ko Sabon Gari, tun daga nesa ake kiranka, a ba ka kujera, a aika yaro ya sayo maka ruwan sanyi. Amma daga shekarar 2020 zuwa 2022 lamarin ya juye a shagunan agogon Rolex na duniya. Mutum ya zo da kuɗinsa cif, ga agogo yana walƙiya cikin gilashi, sai a ce masa wannan na kallo ne, ba na sayarwa ba. A rubuta sunansa, a ce ya koma gida za a kira shi. Wasu sun shekara da shekaru suna jira.

Ni mutumin Wudil ne, kuma a gidajenmu agogo ba abin wasa ba ne. Muna yara, idan alhazai sun dawo daga Makka, hannunsu muke fara kallo. Mai Rado, wancan na Suwizalan da ba ya karcewa, an san ya je da guzuri mai nauyi. Mai matsakaicin ƙarfi kuma ya zo da Seiko 5 na Japan, wanda ba ya cin batir, motsin hannu ke ba shi rai. Har gobe akwatin lefe bai cika ba idan babu agogo. Saboda haka ban yi mamaki ba da wani aminina, dillalin shanu a karar garinmu, ya tare ni wata Juma'a da yamma a farkon 2022, kasuwa ta fara watsewa, motocin Kudu suna lodi.

"Malam, kai ka san harkar waya. Rolex nake so, na ainihi, amma ba na gwal ba."

Na ce, "Alhaji, ai ka zaɓi mafi wuyar samu."

Dalilinsa a fili yake. Musulunci ya haramta wa namiji ado da zinare, don haka Musulmi mai kiyayewa na ƙarfe zai nema. To, na ƙarfen nan su ne duniya ta yi wa ca: Daytona, Submariner da GMT-Master II. Na zinare sun fi tsada nesa ba kusa ba, amma sau da yawa sun fi sauƙin samu, domin masu iya sayensu kaɗan ne.

Wani Bajamushe, Hans Wilsdorf, shi ya kafa kamfanin Rolex tare da surukinsa Alfred Davis a Landan a 1905, daga baya ya mayar da shi birnin Janeba na Suwizalan. Wilsdorf ya rasu a 1960 bai bar ɗa ba, kamfanin ya zama mallakar gidauniyar da ya kafa. Wannan yana da muhimmanci, domin babu masu hannun jari da za su matsa wa shugabanni su ninka kaya don a kwashi riba da wuri. Kamfanin ba ya bayyana adadin abin da yake ƙerawa, amma masu nazarin kasuwa suna ƙiyasta agogo miliyan ɗaya da 'yan kai a shekara. Da korona ta ɓarke, a watan Maris na 2020 aka rufe masana'antun na wani lokaci. A daidai wannan lokacin kuma masu hali a Amurka da Turai da Asiya suna zaune a gida, babu tafiya, babu biki, kuɗi sun taru, wasu kuma sun yi arzikin dare ɗaya da kuɗin kirifto. Kaya ya ragu, masu nema suka ƙaru. Ƙorafi ya yi yawa har a watan Satumba na 2021 kamfanin, wanda ba ya yawan magana, ya fitar da sanarwa cewa ba da gangan ya ƙirƙiri ƙarancin ba, kuma ba zai rage inganci don ya ƙara yawa ba.

Rolex ba ya sayar wa mutum ta intanet. Sai ta hannun wakilan da ya amince da su, kuma a Najeriya kamfanin Polo ne, mai shaguna a Legas da Abuja. Babu wakili a Kano. A ko'ina a duniya, littafin da ake rubuta sunaye ba layin wanda ya riga zuwa ba ne. Mai shago ke zaɓar wanda zai kira, kuma ya fi kiran wanda ya saba sayen sarƙa da zobe da wasu agoguna a wurinsa. Wannan tsari ba ya yi mini daɗi ko kaɗan. Baƙon da ya zo da halalinsa ya cancanci a gaya masa gaskiya: ko za ka samu a lokaci kaza, ko ba za ka samu ba.

Da ƙofar gaba ta toshe, sai kasuwar bayan fage ta buɗe. Daytona na ƙarfe da farashinsa na kanti yake kusan dala 14,500 a 2022 ya haura dala 40,000 a hannun 'yan kasuwa. Wani kamfanin, Patek Philippe, ya sanar da daina ƙera samfurin Nautilus 5711, sannan ya fitar da guda 170 masu shuɗiyar fuska, aka yi gwanjon ɗaya a Niyok a watan Disamba na 2021 a kan dala miliyan 6.5.

Da na karanto wa Alhaji waɗannan lambobi a waya, bai ɗauki lokaci ba ya gane. Ya ce wannan ai aikin 'yan baranda ne ana jajiberin Babbar Sallah: rago ɗaya ya zaga hannu huɗu a cikin kara bai fita ba, kowa ya ɗora ribarsa, wanda ya riƙe shi ranar da aka sauko daga Idi shi ke kwana ciki. Ya ce albarka, ya fasa. Kuma haka ta faru a kasuwar agogo. Daga watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, kirifto ya rushe, masu tara agogo don riba suka fito da su a lokaci guda, farashi ya yi ta sauka har tsawon shekara biyu. Rolex ma ya shiga kasuwar kwance da kansa a watan Disamba na 2022, yana sayar da tsofaffin agoguna masu shaidarsa. A 2023 ya sanar da sayen Bucherer, ɗaya daga cikin manyan dillalansa, kuma yana gina sabuwar masana'anta a garin Bulle na Suwizalan da ake sa ran buɗewa a 2029.

Akwai wani ruɗi da ya shafe mu mu kaɗai. Kafin watan Yuni na 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, zuwa Fabrairu na 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya sayi agogo da tsada a 2022 zai iya duba farashinsa a naira yau ya ce ya ci riba. Ba agogon ne ya tashi ba, naira ce ta faɗi. Da ya je kasuwar canji ta Wapa ya sayi dalar ya ajiye, da ya fi haka samu. Mai saye da niyyar sayarwa kuma ya tuna cewa agogon ya zama kayan kasuwanci, hukuncin zakka ya hau kansa, ya tambayi malaminsa yadda zai fitar.

Babbar barazana gare mu ita ce jabu. Ba ina nufin na dubu biyar da yara ke yawo da su a tasha ba, wannan kowa ya san matsayinsa. Akwai jabun da ake ƙerawa yanzu wanda nauyinsa da ƙyallinsa da koren akwatinsa da katin garantinsa duk sun yi kama da na ainihi. Tsohuwar dabarar nan ta kallon hannun sakan, a ga yana tafiya sumul ko yana tsalle, ta daina aiki, domin manyan jabun ma sumul suke tafiya. Ga kuma na sata, waɗanda ake fizgewa a titunan Landan da Faris su ɓulla a wata ƙasa. Ƙarancin kaya yana sa mai nema ya yi gaggawa, kuma gaggawar nan ce abincin macuci: "Alhaji, guda ɗaya ne ya rage, wani yana hanya da kuɗi."

Ba na ganin laifin wanda Allah ya hore wa ya ɗaura agogo mai kyau, ya more shi, ya bar wa ɗansa. Abin da nake roƙo shi ne kada a sayar da gona ko garke a zuba a agogo da sunan jari. Idan kuma an kawo maka Rolex a Kano, ko an turo maka hotonsa daga Dubai, ka nemi rasit mai sunan shagon da ya fara sayar da shi, ka gwada lambar jikin agogon da ta kan kati, sannan a kai shi wurin gyaran da kamfanin ya amince da shi a buɗe cikinsa. Mai kayan da ya ƙi yarda da wannan sharaɗi, kada ka ba shi ko kafin alƙalami.